Amsar Wasiƙunku: Ko In Rage Wa Akori-Kurata Tsayi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah mai fataucin albasa da busasshen kifi tsakanin Wara da Yelwa. Ya ce ya sayi tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504, amma ta yi tsayi da yawa daga ƙasa, 'yan dako na shan wuya wajen ɗora buhu, kuma in ya sha kwana da lodi sai ta riƙa tangaɗi kamar za ta kife. Wani mai walda ya ce zai yanke masa sifirin na gaba, ya gasa na baya da wuta, ta sauko cikin yini ɗaya. Shi ne yake tambaya ko ya yarda, don kuɗin hannunsa ba su taka kara sun karya ba.

To, Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Amsa a taƙaice ita ce kada ka yarda. Amma bari mu bi abin daki-daki, don na san ba kai kaɗai ne ke da wannan damuwa ba.

Rage wa mota tsayi al'ada ce da ta yi ƙarfi a birnin Los Anjalis na Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, tsakanin samari masu asali daga Meziko. Da farko ma buhunan yashi suke jibgawa a bayan motar don ta zauna. Abin ya kai har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1958 ta hana, ba a soke ta ba sai a 2023. Su don ƙawa suke yi, a kan kwalta mai santsi kamar faranti, kuma ba sa ɗaukar ko buhu ɗaya na albasa.

Kai kuwa ina motarka take bi? Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwan tafki yana cika yana janyewa kowace shekara, kuma inda ya janye nan ne gonakin albasa da shinkafa, nan ne jirage ke sauke kaya. Watau dole ka bar babban titin Kontagora zuwa Yauri ka gangara bakin ruwa ta cikin yashi da laka. Manyan motoci sun riga sun haƙa rami biyu inda tayoyinsu ke bi, sun bar tudu a tsakiya. Wannan tudun shi ne abokin gabarka. Inci 2 kacal in ka rage, abin da zai fara dukan ƙasa shi ne salansa, sai kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Ranar da dutse ya huda kaskon nan ba ka lura ba, mai ya tsiyaye, inji ya buga, to kuɗin da ka yi tattali wajen mai walda za ka biya ninkin-ba-ninkinsu. Ga albasa cikin rana a hanyar Shanga, kai ka fi ni sanin ba ta jira.

Sai batun wutar. Ƙarfen sifirin ba irin na ƙofa ko na garma ba ne. A masana'anta an gasa shi an sanyaya bisa ƙa'ida, shi ya sa yake lanƙwasawa ya koma yadda yake. Da zarar mai walda ya sa masa wuta ya yi ja, wannan horon ya tafi ke nan. Motar za ta sauko, ba shakka, amma za ta ci gaba da saukowa, kuma ba daidai ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya, har ranar da ƙarfen zai karye da kaya a kai. Yankan na gaba shi ma haka. Sifirin da aka gajarta yana iya zamewa daga mazauninsa idan taya ta faɗa rami, kuma saitin ƙafafun gaba ya lalace, taya ta riƙa cinyewa ta gefe guda.

Akwai kuma wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba. Motocin ɗaukar kaya irin naku galibi suna da wata 'yar na'ura kusa da aksul na baya, wadda ke auna yadda bayan motar ya zauna. In ya zauna sosai, sai ta ɗauka an yi lodi, ta ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan ka saukar da motar da gangan, na'urar za ta zaci kullum da lodi kake. Ka taka birki ba kaya, a kan jiƙaƙƙen titi, tayoyin baya su ƙame, motar ta juya da kai. Allah ya kiyaye.

Yanzu ga abin da nake zato. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ba doguwar mota ba ce tun asali. In taka ta yi tsayin da ka faɗa, to mai yiwuwa wanda ya riƙe ta kafin kai ya ƙara mata fallayen sifirin don ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta, ko ya sa mata manyan tayoyin wata mota. Ka kai ta wurin tsohon makaniken Fijo, ku ƙidaya fallayen kowane gefe, ku duba lambar da ke jikin taya. In an yi ƙari, a cire ƙarin, a mayar da tayoyin da suka dace da ita. Wannan shi ne rage tsayi mafi araha, kuma fallayen da aka cire ma za ka iya sayar da su. Amma fa kada a taɓa babban falle na sama mai ido biyu, shi ne ke riƙe da aksul a wurinsa. A kuma sa sababbin ƙarafan ɗauri, a sake ɗaure su bayan tafiyar kwana biyu ko uku.

Masu tsohuwar Hilux ko Datsun, taku ta gaba da yawa sanda ce ta ƙarfe mai murɗawa, ana sassauta noti ta sauko. Ba a biyan kuɗin kaya, amma a juya dama da hagu daidai, a auna da tef a kan daɓe, sannan a je a yi saitin ƙafa.

Tangaɗin da kake ji kuwa, sau da yawa ba tsayi ba ne. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. In ta yi ta rawa fiye da sau ɗaya ko biyu, shokazoba ta mutu. Ka duba robobin idon sifirin, ka duba iskar taya. Sannan lodi. Motar nan kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, watau buhu 10 in kowane kilo 100 ne. Mu kan ga an ɗora ninkin haka, an jera kwandunan kifi a sama, ga fasinja sun hau kai sun saki ƙafafu. Ko ka kwantar da ita a ƙasa, wannan lodin sai ya sa ta tangaɗi. Masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da kan mota, marasa nauyi a sama, a ɗaure da igiya.

Su kuma 'yan dako, magani yana hannunka. A inda ka saba lodi, ku haƙa ɗan gangare da tayoyin baya za su shiga, zurfin taƙi ɗaya, bodi ya sauko daidai gwiwa. Ko ku sami katako mai kauri guda biyu ku jingina. Aikin shebur ne na safiya ɗaya. Sai dai da damina a zuba tsakuwa a ciki, don kada mota ta kafe da kayanta.

Mai tambaya daga Ngaski kan injin ban-ruwa da ke shan mai, ka yi haƙuri, taka sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.