Littattafan da na karanta bana: jawabin mushen lakwal a taron ƙungiya

Iyayenmu dattawa, Allah shi ƙara girma. 'Yan'uwa da kunka komo daga ci-rani, barkanku da sauka.

An ce in faɗa muku abin da na karanta bana, don wanda ya bi ta Kano ko Yamai shi san abin da za shi sayo wa yara. Ina da kaye inda nike rubuta sunan duk littafin da na ƙare. Ga huɗu daga ciki.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku ne, da Hausa. Shi ya kamata a fara saye. Yaro guda shi karanta bayan lisha, gida duka a saurara. In wata kalma ta gabas ta kakare masa, kakarsa ta warware.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito 1934. Yaro ne anka sace, uwarsa ta kama hanyar sahara tana biɗarsa. Wanda ya shekara uku a Legas ko Abijan bai aiko ko gaisuwa ba, nasa ne.

Sarraounia na Abdoulaye Mamani, 1980, da Faransanci yake. Labarin Sarauniyar Lugu ne, can Arewa maƙwabtanmu, wadda ta tari rundunar Bule da Shanwan a 1899. Shina da daɗi, amma ƙagaggen labari ne, marubuci ya sa gishirinsa.

Na huɗun ne ya hana ni kwana. Ba littafi ne sosai ba, rubutu ne da wani Bature, Finn Fuglestad, ya buga a 1975 bisa Babule, waɗanda wasu ke kira Hauka. Abin nan ƙasarmu ta Kurfai ya tashi, wajen 1925, a hannun wata mata ta Shikal mai suna Shibo. Mutanenta sunka ƙi bin Gado Namalaya, wanda Nasara sunka ɗaure wa gindi, anka kame su zuwa Yamai. Daga baya 'yan ci-rani sunka kai bautar har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke su a silimansa da ta fito 1955. Ba ina yabon bori ba ne, malamai su yi mini aikin gafara. Amma kakanninmu ne, kuma yawancin abin da anka rubuta a kansu daga takardun kwamandan ya fito, wato bakin wanda ya ɗaure su.

To, iyaye, akwai cikinku waɗanda sunka ji wannan labari daga bakin waɗanda sunka gani da ido. Roƙona, bayan an shigar da hatsi rumbu, ku yarda in turo muku 'yan lakwal bibbiyu su zauna su rubuta abin da kunka ji, da Hausarmu. Masu tafiya kuma, kowa shi riƙo kaye biyu da biro, a ba ma'ajin ƙungiya.