IN AGARA TA TSINKE, WANE LIKITA ZA A NEMA?

Jawabin kiwon lahiya domin taron ɗaliban yaƙi da jahilci

Maganar yau a kan agara take.

Agara ita ce babbar jijiyar da ke bayan idon sawu. Ita ke haɗa naman sha-raɓa da ƙashin diddige. Duk jikin mutum babu jijiyar da ta kai ta kauri da ƙarhi. Da ita manomi ke tura hauya, da ita ɗan kokowa ke kahewa a ƙasa.

Ga misali. Manomi ya tsallake kwazazzabo da dami bisa kai. Sai ya ji ƙas, kamar an buge shi da sanda daga baya. Ya waiga, ba kowa. Yana iya ɗingishi, amma ba ya iya ɗage bisa yatsu. In an shafa wurin, santimeta 2 zuwa 6 sama da diddige, sai a ji rami. Wannan ba targaɗe ba ne, ba karaya ba ce. Agara ce ta tsinke.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sai a kai shi wurin maɗori, a ja ƙafa, a murza, a ɗaure da karare. Maɗori aikinsa ƙashi. Ja da murza ba su haɗa jijiya.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi a gidan likita. Majinyaci ya kwanta rub da ciki, a matsa sha-raɓarsa. In agara na nan, ƙafa za ta motsa. In ba ta motsa ba, ta tsinke. Hoton radiyo ƙashi yake nunawa. Hoton eko shi ke nuna jijiya.

Shin dole sai an yi aiki? A'a. In an zo cikin kwanakin farko, sau da yawa siminti ya isa. Ana sa shi yatsu na kallon ƙasa, domin bakin jijiya biyu su haɗu. Ana ɗaukar sati 6 zuwa 8, da sandunan dogarawa. Wani kuma ɗinki ya hi dacewa da shi. In lauje, gatari ko kwalba sunka yanke agara, wannan sai ɗinki, da allurar tetanos, ran nan ba gobe ba.

Babban abokin gaba shi ne jinkiri. Wanda ya ce sai bayan kaka, ya cuci kansa. Bayan sati 4 zuwa 6, nama ya janye jijiyar sama. Aiki ya ƙara wuya, kuɗi sun ƙaru. Wani lokaci sai an aro jijiyar babban yatsa an cike gurbin.

Ciwon agara na yau da gobe, wanda babu tsinkewa, shi daban ne. Ana fara shi da rage aiki da motsa ƙafa yadda likita ya koya, wata 3 zuwa 6. Kada a yarda mai tallar magani ya yi allura cikin agara. Allurar kortizon tana raunana ta. Haka ma ƙwayar siprofuloksasin, musamman ga tsofahhi.

To, wa za a nema? Likitan aikin ƙashi da gaɓoɓi. Ba kowane mai aiki ba ne ya saba da idon sawu. A fara da gidan likita na kusa, a karɓi takarda zuwa asibitin gunduma. Daga can ake tura mutum manyan asibitocin Yamai, Damagaram ko Maraɗi. A jihar Tawa akwai asibitin Galmi, wadda anka buɗe a 1950. Yaran da anka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa kuwa, akwai asibitin CURE a Yamai tun 2010.

Majinyaci ya tahi da wani ɗan'uwa mai karatu, ya rubuta amsar tambayoyi huɗu:

1. Likita ya saba yin irin wannan aiki?
2. In ba a yi aiki ba, mi zai faru?
3. Nawa ne kuɗin duka, har da magani da dawowa?
4. Yaushe za a koma gona?

Likitan kirki ba ya hushi da tambaya. Shi ma majinyaci ya faɗi gaskiya. Mai ciwon sukari da mai shan taba, mikinsu na jinkirin warkewa, kuma yana iya ruɓewa.

Bayan aiki sai haƙuri. Aiki mai nauyi sai bayan wata 4 zuwa 6. Wanda ya kwance siminti da kansa, jijiyar na iya sake tsinkewa. Dangi da maƙwabta su yi masa gayya a gona. Gara a rasa damina guda da a rasa ƙafa.

Allah shi ba da lahiya. Amin.