Kalmar "Undulate": Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita



Duk wanda ya karanta labarin ƙasa a cikinmu ya haddace cewa ƙasar Hausa "undulating plain" ce. Mun rubuta haka a jarrabawa, an kuwa ba mu maki. To, amma mu nawa ne za su iya fita bayan gari su nuna abin da ake nufi?

Asalin kalmar daga Latin ne, inda "unda" ke nufin igiyar ruwa. Daga tushen nan ne Ingilishi ya samo "inundate", wato ambaliya ta malale wuri. Saboda haka idan aka ce abu yana "undulate", ana nufin yana hawa yana sauka a hankali, bi da bi, kamar yadda ruwan tabki ke yi in iska ta busa. Sharaɗin shi ne laushin hawan da maimaituwarsa. Matafiyi daga Zariya zuwa Kano yakan hau tudu ya gangara kwari ba tare da ya ji mota ta yi nishi ba. Wannan ita ce ƙasar da kalmar ke siffantawa. Haka nan jigayin rairayi na wajen Haɗeja. Dutsen Kufena kuwa, da ya miƙe tsaye shi kaɗai, ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Mun ja hankali a nan ne domin da yawa daga cikinmu gobe su ne masu rubuta rahoto a ma'aikatar gona ko ta ayyuka. Wanda ya kira ƙasa mai duwatsu da kwazazzabai "undulating", don kawai kalmar ta yi masa daɗi a baki, ya yaudari injiniyan da zai ƙiyasta kuɗin hanya yana zaune a ofis.

Likitoci ma sun ari kalmar. Akwai cutar da suke kira "undulant fever", saboda zafin jikin majiyyaci yakan tashi, ya lafa, ya sake tashi, har tsawon makonni. David Bruce ne ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta a 1887. Ana ɗaukar ta daga shanu da awaki, musamman ta hanyar shan madarar da ba a tafasa ba. Masu zuwa aikin asibiti a karkara, ku riƙe wannan suna, domin sau da yawa akan ɗauke ta zazzaɓin cizon sauro ne, a yi ta ba da maganin da ba nata ba.