Sabon Direba da Gudun Wuce Ƙima a Baifas: Hukunci Ya Hau Kan Lasisi

Takardar da aka gabatar a taron wayar da kai kan haɗurran hanya, Trikania, Kaduna



Titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira baifas, an gina shi ne domin manyan motoci su kewaye cikin garin Kaduna. Yau gari ya cim masa ya haɗiye shi. Tun daga Kurmin Mashi, a bi ta Bakin Ruwa da Kabala West, a haye kogi a shigo Nasarawa da Kudenda da Trikania, gidaje ne da shaguna da garejin makanikai da makarantu dama da hagu. Tirela mai zuwa Kano da keke napep da ɗan acaba da yarinya mai tallar gyaɗa duk titi ɗaya suke rabawa. A wannan cakuɗe ne muke sakin yaron da lasisinsa bai yi wata uku a aljihu ba.

Dokar hanya ta Najeriya ta fayyace iyakar gudu. A babbar hanya mai tagwayen hannu, ƙaramar mota ta gida ba za ta wuce kilomita 100 a awa ba, tasi da bas 90, tanka da tirela 60. A cikin gari kuwa, inda jama'a ke zaune, iyakar ƙaramar mota 50 ce. To, baifas a Trikania wanne ne daga ciki? Direba na kallonsa a matsayin babbar hanya, mai tsallakawa na kallonsa a matsayin ƙofar gida. A ganina mai tsallakawa ne ke da gaskiya.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga yaro ya faɗo titi, ƙafa ta bar totur ta koma kan burki, an riga an shafe wannan tazarar ko fiye. Kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da burki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa huɗu yake yi. Tsohon direba ya san wannan a jikinsa ko da bai taɓa shiga aji ba. Yana hango bas ta rage gudu a gefen titi zai ɗaga ƙafa, domin ya san wani na iya fitowa ta gabanta a guje. Sabon hannu bai san haka ba tukuna. Ya iya sitiyari, ya iya sa giya, sai ya ɗauka ya iya tuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A nan gida, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙirga mutum 5,421 da suka rasu a hanyoyinmu a 2024, kuma gudun wuce ƙima ne ke fitowa a sahun farko cikin dalilan da take bayarwa shekara bayan shekara.

Mene ne hukuncin wanda aka kama? A jadawalin laifukan da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, tarar naira 3,000 ce da maki 3 a kan lasisi, babu bambanci tsakanin wanda ya shekara talatin yana tuƙi da wanda ya karɓi lasisi jiya. Naira 3,000 a yau ba ta sayen lita huɗu ta fetur. Yaron da ya ɗauko motar babansa zai biya ta daga kuɗin katin waya, gida ma ba za a ji labari ba.

Wasu za su ce a ƙara kuɗin tarar. Ban ƙi ba, amma ba nan maganin yake ba. Tara mai tsada ɗan mai hali ba ta dame shi ba, ɗan talaka kuma tura shi take yi ga neman a sasanta a bakin titi. Abin da matashi ke tsoron rasawa shi ne damar riƙe sitiyarin kanta.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni nan suka taɓa. A Birtaniya, dokar sababbin direbobi ta 1995, wadda ta fara aiki a 1997, ta ce duk wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu na farko an soke lasisinsa. Laifin gudu ɗaya maki 3 ne a ƙalla, wato kamu biyu ya isa. Daga nan sai ya koma ɗan koyo, ya sake zana jarrabawar takarda da ta tuƙi. Faransa tun 2004 take ba sabon direba maki 6 da ake zaftarewa idan ya yi laifi, maimakon 12 na cikakken direba, na tsawon shekara uku. Dole ya liƙa harafin A a bayan mota, kuma inda wasu ke gudun 130 shi iyakarsa 110. A Jamus, sabon direban da ya haura iyaka da kilomita 21 sai ya koma aji da kuɗinsa, a kuma ƙara masa shekara biyu a kan wa'adin gwajinsa.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. FRSC na nan tun 1988, tsarin maki na nan a rubuce, rumbun bayanan lasisi na ƙasa na nan, kuma doka ta ce sai an bi ta makarantar koyon tuƙi mai rajista kafin a nemi lasisi. Abin da nake kira a yi shi ne a ware shekara biyu na farko a matsayin lokacin gwaji. Kamun farko a kan gudu, direba ya koma aji. Kamu na biyu, a karɓe lasisi ya sake jarrabawa. A sa masa alama a mota yadda jami'i zai gane shi daga nesa, sauran direbobi kuma su yi masa uzuri.

Sai dai akwai gaskiya mai ɗaci da ya kamata mu faɗa wa juna a wannan zaure. Ba a soke lasisin da babu shi. Da yawa daga cikin yaranmu a gareji suka koyi mota, ko a matsayin yaran mota da oga ke miƙa wa makulli su gyara fakin. Wasu kuma ta hannun dillalai suka sami lasisi, ba a taɓa zama kusa da su an ga yadda suke tuƙi ba. Ban raina koyon gareji ba, ya fitar da ƙwararrun direbobi masu yawa. Amma muddin ana iya sayen takardar, wanda aka ƙwace wa zai je ya sayo wata. Don haka gyaran ya fara daga ranar jarrabawa. Sannan kamu ya zama da hujja, wato na'urar auna gudu da kyamara, ba ƙiyasin ido ba, domin direba ya san ba zalunci aka yi masa ba, jami'i kuma ya rasa abin ciniki.

Iyaye, kasonmu a nan babba ne. Mu ne muke miƙa makulli ranar biki ko ranar Sallah da Kirsimeti, muna alfahari yaro ya girma. Idan abu ya faru mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma babu addinin da ya ce a ɗora wa yaro abin da bai iya ba.

Ina roƙon shugabannin FRSC da na KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, da ke wannan zaure su fara da abin da ke hannunsu: a kafa allunan iyakar gudu na kilomita 50 daga gadar kogi zuwa mahaɗar hanyar Abuja, a kuma tsayar da na'urar auna gudu a wurin. Wakilanmu a Majalisar Tarayya kuma mu kai musu buƙatar wa'adin gwaji na shekara biyu a rubuce, da sa hannun masu unguwanni da shugabannin tasha.