Gyara Kayanka: Jawabi a Kan Hotunan Gine-ginen Garinmu



Malam Shugaba, iyayenmu, malamanmu da 'ya'yanmu matasa, kwamiti ya ɗora mana nauyin duba hotunan da yaranmu suka ɗauko na gine-ginen Kafanchan domin kalandar ƙungiya, mu faɗi abin da ya yi da wanda yake son gyara. Mu dai 'yan kasuwa ne, aikinmu duba kaya kafin a ɗaure buhu, to da wannan idon muka duba.

Da farko mu tuna dalilin wannan aiki. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. A shekarar 1927 aka haɗa layin dogo na Fatakwal da na Kaduna da na Jos a nan, a 1933 kuma aka dawo da hedikwatar masarautar Jama'a daga Jama'a Sarari zuwa Kafanchan. Iyayenmu suka biyo dogo da fatauci, suka kafa gidaje da rumfuna da makarantun allo. To ina waɗannan gine-gine a yau? Wasu damina ta ci su, don kun san ruwan ƙasar nan ba ya raga wa ginin ƙasa. Wasu magada sun rushe sun sa bulo. Wasu kuma fitina ta tafi da su, kamar ta 1987 da ta watan Afrilu na 2011 da kasuwarmu ta ƙone. Allah kada ya maimaita mana. Yau in jikanka ya ce ka nuna masa rumfar kakansa, sai dai ka kwatanta da baki. Gani kuwa ya kori ji.

Dubi misalin Zariya. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu an sake masa fasali a shekarun 1970. Amma da yake wani masanin gini ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ya riga ya auna shi, ya ɗauki hotunansa a tsanake, sai aka iya gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Kun ga hoto mai kyau shaida ne da ake kafa hujja da shi.

To yabon gwani ya zama dole. Hoton tashar jirgi ya yi, madalla. Wanda ya ɗauke shi ya tsaya nesa, ya bar layin dogo ya ja idon mai kallo har zuwa ginin, ga kuma wani dattijo zaune a gefe, wanda da shi ake gane girman wurin. Haka hoton indararo da azarar wani tsohon zaure: an matsa kusa, har sawun hannun magini yana fitowa a jikin yaɓe.

Sai gyara na farko. Hotunan masallatai da benaye da yawa sun fito kamar ginin zai kife ta baya, ƙasa da faɗi, sama a tsuke. Ba laifin waya ba ne. In ka tsaya a gindin gini ka ɗaga bakin waya sama don hasumiya ta shiga, dole bango ya karkace. Maganinsa ka ja da baya, ka riƙe wayar a miƙe daidai ƙirjinka. In lungu ya matse, nemi izinin mai benen da ke kallon wurin ka hau. Magini ya sha wahala da igiya da ma'auni kafin bangonsa ya miƙe, bai kamata mu karkata masa shi a takarda ba.

Na biyu, lokaci. Hoton ƙofar fada an ɗauke shi da tsakar rana, shi ya sa adon ya ɓace, ƙarƙashin rumfa kuma ya yi baƙi ƙirin. Zanen bango yana son hasken da ke zuwa daga gefe. Bangon da ke kallon gabas a je masa da hantsi, na yamma a bari sai bayan La'asar. Ranar da hazo ya sauka a haƙura. Mafi kyawun lokaci shi ne bayan an ɗauke ruwa gari ya washe.

Na uku, abin da ake bari a cikin hoto. Wani ya yanke kan zanko, wani ya sa turken lantarki a tsakiyar ƙofa, alhali taku biyu zuwa dama ya isa ya kauce masa. Kafin ka danna, bi kusurwoyi huɗu da ido. Kuma kowane gini a yi masa hoto uku: ɗaya tare da maƙwabtansa don a san unguwar, ɗaya na fuskarsa gaba ɗaya, ɗaya na ƙofa ko taga ko ado.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damunmu, wato gyaran hoto a waya. Mun ga hoton da aka ƙara masa launi har jar ƙasarmu ta koma kamar manja, mun ga wanda aka goge tsagewar bango, aka liƙa masa gajimaren da ba na ranar ba. 'Ya'yanmu, ku da kuka tashi a kasuwar citta kun san bambanci. Ka shanya citta, ka kakkaɓe ƙasa, ka ware ruɓaɓɓiya, wannan gyara ne. Ka jiƙa ta don ta yi nauyi, wannan algus ne. Miƙar da hoto, rage gefensa, ƙara ɗan haske inda ya yi duhu, duk halal ne. Amma cire abin da yake nan, ko sa wanda babu, ya ɓata shaidar. Wannan tsagewar da ka goge, wataƙila ita ce za ta sa jama'a su yi karo-karo a gyara ginin. Kuma kowa ya ajiye hoton asali kafin ya taɓa shi. In za a turo wa sakatare ta WhatsApp, a turo shi a matsayin fayil, don in ba haka ba manhajar tana rage masa ƙarfi, a wajen bugawa sai ya dushe.

Na biyar, hoto ba bayani kamar buhu ne ba alama. A rubuta sunan wuri, unguwa, ranar ɗauka, da wanda ya gina in dattawa sun sani. A tambaye su tun suna raye.

Akwai kuma ladabi. Kada a ɗauki cikin gidan mutum ko iyalinsa sai da yardarsa. A nisanci bariki da wuraren jami'an tsaro. Sannan mun lura duk hotunan na unguwanninmu ne kaɗai. Tarihin garin nan na kowa ne. Tsofaffin coci-coci, makarantun mishan, kwatas ɗin Reluwe, da rumbunan maƙwabtanmu Fantswam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro, duk suna da haƙƙi a kalandar nan. A je da sallama, a nemi izinin shugabannin wurin, in an buga a kai musu nasu.

Daga ƙarshe, mu manya ma akwai namu. In yaro ya nuna maka hotonsa, fara da abin da ya yi daidai, ka faɗi gyara ɗaya ko biyu tare da dalili, kuma ka kira shi gefe, kada ka kunyata shi a dandalin ƙungiya. Ku kuma matasa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba mu jefar da hoton kowa ba. Duk wanda aka ambaci nasa ya koma ya sake ɗauka, ya miƙa wa sakatare kafin taro mai zuwa.

Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya.