Jawabi a Taron 'Yan Kasuwa da Direbobi: Tsinken Gwajin Barasa a Miyau

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin tasha, iyayenmu fatake, 'yan uwa direbobi da yaran mota, barkanmu da wannan zama.

Bayan gaisuwa, kwamiti ne ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani ɗan abu da wasunmu ke son a fara aiki da shi wajen lodi, wato tsinken gwajin barasa a miyau. Mu ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne. Amma dukiyarmu da rayukan 'ya'yanmu kullum suna bisa titi, daga Kano zuwa Kaduna, a biyo ta Tegina da Makwa, a haye gadar Jaba, a wuce Ilori da Ogbomosho kafin a iso nan Badun. Don haka maganar ta shafe mu.

Da yawanmu ba mu manta da motar tumatir ɗinmu da ta faɗi kafin Jaba ba. Kaya ya lalace, yaron mota ya karye, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Kafin mako ya zagayo, magana ta cika unguwa. Wasu suka ce direban ya sha ne, wasu suka ce barci ne ya sace shi. Babu mai hujja a cikinmu. Bawan Allahn nan ya rasa mota, aka daina ba shi lodi, har yau ba mu san ko mun zalunce shi ba. To, 'yan uwa, asara biyu ke nan: ta dukiya da ta mutunci.

Shi wannan tsinke ɗan siriri ne na roba, bai kai tsawon biro ba, yana zuwa a rufe cikin 'yar jakarsa. A bakinsa akwai ɗan ƙyalle mai ɗauke da sinadarai. Idan mutum ya sha barasa, takan shiga jini, daga jini ta ratsa cikin miyau, kuma yawanta a miyau kusan daidai yake da yawanta a jini. Sai a jiƙa ƙyallen da miyau na 'yan daƙiƙu, a fitar, a jira. Wani iri minti 2 ake jira, wani minti 4, takardar da ke cikin kwali ita ke faɗa. In babu barasa, ƙyallen zai zauna yadda yake. In akwai, sinadarin farko zai farfasa ta, na biyu kuma ya sa launi ya fito, kore ko mai shuɗi-shuɗi. A wasu iri, gwargwadon duhun launin gwargwadon yawan barasar. Yawancinsu suna fara nunawa daga kashi 0.02 cikin ɗari, wato miligiram 20 a cikin mililita 100 na jini. Ba allura, ba wutar lantarki, kuma sau ɗaya ake amfani da kowane tsinke.

A ƙasar Amurka abin ya fi samun gindin zama. A 1991 suka yi dokar da ta wajabta gwada ma'aikatan sufuri, har da direbobin manyan motoci, daga baya kuma aka amince da wasu na'urorin miyau don gwajin farko. Amma ku lura da tsarinsu. In tsinke ya nuna 0.02 ko fiye, ba a yanke wa mutum hukunci a kansa. Sai a jira minti 15, a sake gwada shi da na'urar busa numfashi, ita ce mai tabbatarwa. In ta nuna daga 0.02 zuwa ƙasa da 0.04, direba zai sauka daga mota na awa 24. In ta kai 0.04, to ya karya doka. Ashe ko su da suka ƙera abin, tankaɗe suka ɗauke shi, ba alƙali ba.

Dalili kuwa, tsinken yana iya ruɗin mai duba shi. Maganin kurkure baki da wasu magungunan tari na ruwa suna da barasa a ciki. Mutumin da ya yi amfani da su yanzun nan, launi zai fito alhali bai san hanyar mashaya ba. Shi ya sa ake so a yi minti 10 zuwa 15 ba a sa komai a baki ba, ko abinci, ko abin sha, ko sigari. Mu kuma sai mu ƙara da goro, tunda yana rina miyau, launin ya rikice wa ido. Zafi ma yana kashe sinadaran. Kwalin da aka bari a gaban mota rana tana dukansa, ko wanda ranar aikinsa ta ƙare, shara ne. Haka nan in aka wuce lokacin dubawa, abin da aka gani ba abin dogaro ba ne.

Sannan akwai abin da tsinken ba ya gani sam, kuma a nan ne muke roƙon ku buɗe kunne. Jiki yana ƙone barasa a hankali, kusan 0.015 a kowace awa, saboda haka tsinke labarin 'yan awannin da suka wuce kawai yake bayarwa. Wanda aka gwada da safe a tasha yana iya tsayawa a hanya da dare. Kowa ya san paraga da ogogoro ba su da wuyar samu a bakin tashoshi, har ta kai a 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da fara hana barasar da ake ƙullawa a 'yan ledoji da ƙananan kwalabe. Bayan haka, tsinken barasa ba ya kama taramol, ba ya kama wiwi, ba ya kama kodin da gwamnati ta hana shigo da maganin tarinsa a 2018. Ba ya kuma kama gajiya. Mu gaya wa kanmu gaskiya, mu masu kayan gwari mu ne ke cewa direba ya kwana yana tafiya don kada tumatir ya ruɓe. Wanda ya hana mutum barci kwana biyu, da wane baki zai tuhume shi in ya nemi ƙwaya?

Saboda haka ga shawarar da muke kawowa gaban zauren nan. Na ɗaya, in za a yi gwaji, a yi shi da yarjejeniya tun kafin lodi, kuma a yi wa kowa, har ɗan mai mota in shi ne zai tuƙa. Na biyu, a yi shi a keɓe, gaban mutum biyu amintattu, ɗaya daga 'yan kasuwa, ɗaya daga direbobi. Na uku, in launi ya fito, a kurkure baki da ruwa, a jira minti 15, a sake da sabon tsinke. In ya sake fitowa, a ba wani tuƙin ranar, shi kuma dattawa su zauna da shi. In ya musanta, a je asibiti a auna jini. Na huɗu, maganar ta tsaya a ɗakin. Malamanmu tun muna Islamiyya sun koya mana nauyin jifar mutum da abin da ba a tabbatar ba, balle a zaman baƙunta irin namu, inda suna shi ne jarin mutum. Na biyar, duk doguwar tafiya a sa direba biyu, kuma kuɗin na biyun ya fito daga aljihunmu.

'Yan uwa direbobi, ba farautarku ake yi ba. Wanda bai sha ba, tsinken nan shaidarsa ce ranar da masu baki za su yi magana. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana kan titi tun 1988, amma ba za ta iya tsayawa a bakin kowace mota ba. Gyaran gida sai 'yan gida.

Muna roƙon a tattauna, wanda yake da gyara ya kawo. Allah ya tsare mu a hanya, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya, ya sa albarka a nemanmu. Wassalamu alaikum.