Tsohuwar Giwa da Hanyar Ruwa

 Yau za mu ɗauki darasi daga giwa, wadda har yanzu akwai ragowarta a dajin Yankari na Jihar Bauchi.

Kowa ya san giwa da girma da ƙarfi. Amma ko kun san wanda yake jagorantar garken giwaye? Ba toron giwa ba ne. Mazan sukan bar garke idan sun balaga. Mace mafi tsufa ita ce take gaba, 'ya'yanta mata da jikokinta suna biye da ita. Giwa takan kai shekara 60 ko fiye, tana kuwa iya shan ruwa fiye da lita 100 a rana. Saboda haka dole a sami wadda ta san inda ruwa yake.

A shekarar 1993 an yi fari mai tsanani a gandun dajin Tarangire na ƙasar Tanzaniya. Akwai manyan zuriyoyin giwaye uku da masana suke lura da su. Biyu suka bar gandun suka tafi neman ruwa da ciyawa. Tsofaffinsu suna da shekara 45 da 38. Ta ukun ta zauna, babbarsu kuwa shekararta 33 ne kawai. Waɗanda suka zauna su ne suka fi asarar 'ya'ya. Masanan suna ganin tsofaffin nan biyu sun tuna da farin 1958 zuwa 1961, lokacin da suke ƙanana suna bin iyayensu. Ta ukun ba ta isa tuna kome ba a lokacin. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

'Yan'uwa, mu dubi gidajenmu. Tsofaffinmu sun ga yunwa, sun ga rikici, sun binne 'ya'ya, duk da haka ba su saki bangaskiya ba. Sun san hanyar ruwa. Amma sau nawa muke zama kusa da su mu yi tambaya? Da yawa cikin 'ya'yanmu ba sa jin yaren kakarsu, ita kuma ba ta iya buɗe zuciyarta da wani harshe. Ran da ta mutu, abin da ta sani ya tafi ke nan.

A cikin Titus sura 2, Manzo Bulus ya ɗora wa tsofaffin mata aikin koyar da ƙananan mata. Ku iyaye mata, kada ku yi shiru don ana ganin kun tsufa. Mu kuma matasa, mu saurara tun fari bai zo ba. A daren nan, bayan cin tuwo, mu tara yara wajen kaka, ta faɗa musu da yarenmu yadda Allah ya fisshe ta a shekarun wahala.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.